Layi na Tara

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Rumfa ta Uku ta ƙone.

Na rubuta, na karanta, har yanzu ji nake kamar labarin gonar wasu. Da bakwai saura kwata na safe Mama ta kira ni, ko gaisuwa babu, ta ce, "Odete, taho, wuta." Kafin in iso daga gidana na cikin garin Leamington, motocin 'yan kwana-kwana uku sun riga ni. Ledar rufin ta narke tana ɗiga kamar kitse, ƙarafa sun lanƙwashe. Dashen tumatir dubu arba'in da muke reno, ko ganye ɗaya bai tsira ba. Fitilun LED da na haɗa da hannuna a watan Satumba, dogayen layuka ashirin da huɗu, ga su nan a rataye baƙi ƙirin.

Hopeton yana asibiti. Shi ya fara ganin hayaƙi. Ya shiga ya kashe babban makunni, sannan ya finciko labulen rufin da ke ci da wuta don kada ta tsallaka Rumfa ta Biyu. Da hannunsa ya finciko. Mutum mai shekara hamsin da takwas, shekara goma sha tara yana zuwa mana aikin gona daga Jamaika duk watan Afrilu, bai taɓa ko fasa tukunyar shuka ba.

Baba yana tsaye a tsakar gona da silifas a kan raɓar da ta daskare. Na yi masa magana sau biyu, bai juyo ba.

Litinin, takwas na dare

Na wanke kaina sau uku, warin ledar yana nan. Yau ce Litinin ɗin.

Talata, 7 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

An naɗe hannayen Hopeton biyu har gwiwa. Yana gani na ya yi murmushi.

"Injiniya, kin zo ganin ɗan dambe?"

Tun ina shekara sha huɗu yake kira na haka, ranar da na kwance masa rediyo na kasa mayarwa. Ya ce duk wanda ya iya lalata abu da natsuwa irin wannan, injiniya ne. Da na gama kwalejin koyon aikin lantarki, ya ce ai shi ya fara ba ni takardar.

Na ce, "Me ya kai ka shiga? Leda ce fa da tumatir."

"Barkonon da ke Rumfa ta Biyu ni na dasa shi. Sai in tsaya ina kallo?"

Na ba shi ruwa da tsinken sha, don ba ya iya riƙe kofi. Yana sha yana kallo na ta saman kofin. Kallon ya daɗe. Na ce masa Mama na gaishe shi, za ta dafa masa kifin gishiri. Ya ce in gaya mata kada ta sake nutsar da shi cikin man zaitun, kifi ba jirgin ruwa ba ne. Shekara goma sha tara suna wannan gardama, ita ta ce mutanenta na Fotugal suka koya wa duniya cin kifin gishiri, shi ya ce an koya musu dai sun manta.

Na fito na zauna a mota minti ashirin ban kunna ta ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba, biyar na yamma

Mai binciken gobara ya zo, Mista Tiessen. Dogon mutum, ba ya gaggawa, komai sai ya ɗauki hoto kafin ya taɓa. A kusurwar gabas ya tono butar lantarkin Hopeton, wadda yake dafa shayin citta da ita kowace safiya. Ta narke ta zama dunƙule.

Baba yana ganin ta ya ce, "Ga ta nan. Sau nawa ina hana shi."

Ban taɓa jin ya hana shi ba. Shi ma yakan sha shayin.

Mista Tiessen bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ɗaga kai yana ƙirga fitilu da bakin biro.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce ni ce.

"Nawa ne?"

"Ashirin da huɗu."

"Ashirin da uku na gani. Wataƙila ɗaya na ƙarƙashin tarkace. Ki kawo mini zanen yadda kika ja wayoyin, Mis Furtado, ba gaggawa."

Na ce to. Muryata ta fito daidai, har na yi mamaki.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, takwas na dare

A kan teburin abinci Baba ya faɗa, yana gutsurar burodi.

"Bana ba zan rubuta sunan Hopeton ba."

Mama ta ajiye ludayi. "Armindo, mutumin yana kwance da hannu a ƙone."

"Ni na ƙona shi?"

Kowace shekara, kafin ma'aikata su koma gida, mai gona yakan cike takarda ya rubuta sunayen waɗanda yake so a dawo masa da su. Wanda aka rubuta, jirginsa na jiran sa a Afrilu. Wanda aka tsallake, musamman in an rubuta dalili, ya koma bayan layi, kuma ba wanda ke tsallake matasa ɗari ya ɗauki mai shekara hamsin da takwas. Ba kora ake yi ba, ba faɗa, ba ƙara. Kawai biro ne ba ya sauka. Ranar Laraba 29 ga wata Baba zai aika da takardar, washegari jirginsu ya tashi. Autar Hopeton, Kerry-Ann, saura shekara biyu ta gama karatun jinya a Mandeville, hotonta na manne a ƙofar firjin ɗakinsu.

Na ce, "Baba, ai ba a gama bincike ba."

Ya ce, "Ci abincinki."

Na ci. Abin da ya ba ni tsoro ke nan, har ƙari na yi.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, uku na rana

Mako ɗaya ke nan cif da waccan Juma'ar. Ba zan rubuta maganarta ba.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, biyu na rana

A bakin coci kowa ya riga ya san buta ce. Matar Senhor Pacheco ta riƙe hannuna tana cewa, "Allah sarki, duk wahalar da kika sha a kan fitilun nan, ki ga shayin wani ya cinye ta." Wani ya ce haka suke, in sun daɗe sai su ɗauka gonar tasu ce. Na tsaya ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Da na koma gida na jawo aljihun teburin aikina don in ɗauko takardar zane. Ledar fiyus tana nan a sama. Guda ashirin da huɗu, ko yage bakin ledar ban yi ba.

Na rufe aljihun. Ban yi zanen ba.

Talata, 14 ga Nuwamba, goma na safe

Bari in rubuta maganar aiki kawai. Aiki ba ya sa kuka.

Manyan fitilun LED ba a haɗa su da wuta kai tsaye. In ka ba su dama sai su yi ta ja, suna ja suna zafi, suna zafi suna ƙara ja, har su kashe kansu. Shi ya sa ake sa musu direba, ɗan akwatin da aikinsa ɗaya ne: ya tura wuta gwargwadon da aka ƙayyade masa, ba ƙari ba ragi. Direba ba ya tambayar wa ke gabansa. In an ce ya tura kaza, kaza zai tura. Ƙa'ida kuwa, kowane layi da nasa direban. Wannan a makon farko na kwaleji ake koyar da shi.

A Satumba na yi odar ƙananan direbobi ashirin da huɗu. Aka ce sai ƙarshen Nuwamba za su iso. Dashe kuwa ba ya jiran jirgin ruwa, rana na gajercewa. A wani shago a Windsor na samu manya guda sha biyu, kowane na tura ninki biyu. Sai na ce ai lissafi ne, in ɗora layi biyu a kan kowane direba su raba wutar rabi da rabi. Haka aka yi, suka raba, haske ya yi kyau, Baba ya kira maƙwabta suka zo kallo, yana cewa 'yarsa ta fi kamfani.

Matsala ɗaya ce. In ɗaya daga cikin biyun ya mutu, direba ba ya ragewa. Wanda ya rage shi zai ɗauki rabonsa da na ɗan'uwansa. Maganin wannan ɗan fiyus ne a kan kowane layi, da zarar kaya sun yi yawa ya tsinke. Na sani, shi ya sa na saya. Na ce zan sa su in an gama hada-hadar shuka.

Duk da haka buta ma tana iya tada wuta. Tana iyawa.

Laraba, 15 ga Nuwamba, shida na yamma

An sallamo Hopeton. Na kai masa kifin Mama ɗakin kwanan ma'aikata, na tarar da Mista Tiessen zaune a bakin gado da littafinsa. Na juya zan fita, ya ce in zauna, ba sirri ba ne.

"Mista Reid, ka dafa shayi ranar?"

"Na dafa da shida saura. Na zare wayar."

"Ka tabbata?"

"Ranka ya daɗe, shekara goma sha tara ina zare ta. Matata ta ce ko a mafarki zare waya nake yi."

"Daga ina ka fara ganin wutar?"

"Daga sama. Wajen labule."

"Kafin ranar, ka lura da wani abu game da fitilun?"

Hopeton bai dube ni ba. Naɗaɗɗun hannayensa yake kallo.

"Ni manomi ne. Maganar fitila, ga Injiniya nan, ta fi ni sani."

Mista Tiessen ya juyo. Hopeton ya buɗe mini ƙofa har bango, abin da ya rage in taka. Na ce, "Ina nan ina haɗa zanen."

Da zai tafi ya ce sai ya ga fitilar da ta ɓata kafin ya rufe rahoto, in ba a same ta ba zai rubuta ba a tantance dalili ba. Wato buta ta zauna daram a bakin mutane.

Na buɗe wa Hopeton kwanon. Ya leƙa ya ce, "Ta sake nutsar da shi." Bai yi dariya ba. Ni na ba shi a baki da cokali, ya ci loma huɗu ya ce ya ƙoshi.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, bakwai na safe

Ashe haka nake. Shekara talatin da uku ban sani ba.

Asabar, 18 ga Nuwamba, sha ɗaya na safe

To, Juma'ar.

Juma'a 3 ga wata, wajen uku na rana, ina saka jaka a mota. Bikin ƙawata Celeste ake yi a Hamilton, ni ce babbar ƙawa, na riga na makara. Hopeton ya biyo ni har bakin mota yana goge hannu da tsumma.

"Injiniya, layi na goma ya mutu."

"Na ji. Litinin."

"Na tara kuma haske yake kamar zai tsaga ido. Na kai hannu kusa, zafi kamar murhu. Haka ya kamata?"

Na san amsar. A lokacin na san ta, ba daga baya ba. Abin da ake bukata in taka minti biyu in zare wayar direba ɗaya. Ko ma in ce masa, je ka zare ta biyar daga ƙofa. Sai na dubi agogo na ce, "Ka bar shi, zai kai Litinin. Kai dai kada ka taɓa mini waya."

Ya ce, "To, ke ce injiniya."

Daren Lahadi sanyin farko ya sauka, na'ura ta ja labulen rufi don tsare ɗumi, karo na farko bana. Labulen yana wucewa tazarar tafin hannu daga bayan fitilun.

Kada ka taɓa mini waya. Ni na faɗi wannan.

Litinin, 20 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Wuni na yi a cikin tarkace da safar hannu. Kowane layi na buga masa lamba a jikin ƙarfensa, wuta ba ta cin wannan. Na sami na takwas, na sami na goma, na sami na sha ɗaya. Inda na tara ya kamata ya kasance, sarƙoƙinsa biyu ne ke lilo. Ba narkewa suka yi ba. An buɗe ƙugiyoyin ne.

Na tsaya ina kallon su har yatsuna suka sandare. Hopeton yana asibiti tun kafin a kashe wutar. 'Yan kwana-kwana ba sa kwance ƙugiya, yankewa suke yi.

Baba ya wuce a kan tarakta ya ce, "Me kike nema a juji?"

Na ce ba komai.

Laraba, 22 ga Nuwamba, biyar na yamma

Saura mako ɗaya takarda ta tafi.

Ban da sha biyun, ina da direba ɗaya na ajiya da ragowar layi biyu. Na haɗa su a garejina yadda na haɗa na rumfa, na rataya ƙyallen labule a sama, tazarar tafin hannu. Har yau akwai wani ɓangare na zuciyata da ke cewa wataƙila ba zai kama ba, wataƙila butar ce. Na kunna, na yanke wayar layi ɗaya.

Ɗayan ya yi wani irin tsalle na haske, sai da na kare ido. Mita ta nuna ninki biyu, ta tsaya cak, ba ta motsi. Direban kirki ne, aikinsa yake yi. Cikin minti arba'in ƙarfen ba ya taɓuwa. Bayan awa biyu da kwata robar bakin waya ta yi laushi ta fara wari, warin da na wanke sau uku. Ƙyallen ya yi ja, ya murɗe, ya kama.

Na kashe da abin kashe gobara. Sannan na sake haɗawa, wannan karon da fiyus. Na yanke wayar. Ƙyas, ya tsinke, komai ya mutu, shiru. Daƙiƙa ɗaya bai cika ba.

Na zauna a ƙasan gareji ina riƙe da shi. Bai kai ƙwayar wake biyu ba.

Juma'a, 24 ga Nuwamba, bakwai na yamma



Na sami Baba a rumbun kaya yana gyaran famfo. Na ce ina da magana. Na faɗi komai a tsaye, direbobin Windsor, ledar fiyus, Juma'ar, gwajin gareji. Na shirya ya zage ni, na shirya ya jefe ni da sifana. Bai ko ɗago ba.

"Kin gama?"

"Baba, ka ji abin da na ce? Ba buta ba ce. Ni ce."

Ya tashi, ya je bayan buhunan taki, ya ɗaga tamfol. Layi na tara na kwance a ƙasa. Tsakiyarsa ta narke ta zuba, har da guntun labule a manne.

"Tun ranar, kafin ɗan biron nan, Tiessen, ya zo. Ina da ido, Odete. Ashirin da uku sun yi baƙi daga waje, wannan daga ciki ya ci."

Da ƙyar na ce, "Ka sani, kuma ka ce buta."

"Me kike so in ce? In ce 'yata ta rataya fitilun da ba wanda ya duba su? Su karɓe lasisinki, sunanki ya shiga kowace gona daga nan har Kingsville? Wa zai sake ba ki ko ƙwan fitila ki canja?"

"To shi fa?"

"Shi ya yi shekarunsa. Zan haɗa masa abin da zai riƙe."

"Baba, hannunsa ya sa ya tare maka Rumfa ta Biyu."

"Na sani." Sai a nan muryarsa ta fashe. "Kina tsammani ina barci? In ya dawo, kullum in dube shi, kullum ya dube ni. Ba zan iya ba. Ke 'yata ce, shi ba ɗana ba ne. Aka ce in zaɓa, na zaɓa."

"Wa ya ce ka zaɓa?"

Ya mayar da tamfol ya rufe, ya ɗora buhu a kai.

Mutumin da ya taɓa tuƙa mota har Chatham don ya mayar da akwatin tumatir ɗaya da aka ƙara mana bisa kuskure. Ubana ke nan.

Asabar, 25 ga Nuwamba, tara na safe

Mama ta zo gidana da tukunyar miyar ganye, ba ta zauna ba. Ta ce, "Mabuɗin rumbun yana rataye bayan ƙofar kicin. Ubanki na zuwa wajen likitan ido Litinin da safe." Ta gyara mini wuyan riga ta tafi.

Ashe ita ma. Gida guda, mutum uku, kowa na zaune a kan abu ɗaya, muna miƙa wa juna gishiri.

Litinin, 27 ga Nuwamba, biyu na rana

Na kai wa Mista Tiessen. Layi na tara a bayan mota, ledar fiyus, zanen gaskiya, da hoton gwajin gareji. Mista Tiessen ya shimfiɗa su a kan tebur ya daɗe yana kallo.

"Layi biyu a kan direba ɗaya, ba fiyus."

"E."

"Kin san abin da hakan ke yi?"

"Na sani tun kafin in haɗa."

"A ina kika samo wannan?"

Na ce a gona. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta a gona.

Sannan ya ce, "Butar ba ta cikin soket. Na gani tun ranar farko, ƙarafan filoginta a waje suke, tsaf. Na gaya wa mahaifinki." Ya ce dole ya tura rahoton ga hukumar kula da aikin lantarki, za su neme ni, kada in taɓa wayar kowa kafin nan. Na ce to. Ya tambaya ko ina da wanda zai mayar da ni gida. Na ce ai ni na tuƙo kaina.

Na yi tsammanin zan ji sauƙi. Ban ji komai ba, sai yunwa.

Laraba, 29 ga Nuwamba, takwas na safe

Baba bai yi mini magana ba tun Litinin. Yau na same shi a kicin da takardar a gabansa, sunaye bakwai, layi na ƙarshe fari. Na ja kujera na zauna. Mama na wanke kofi ɗaya tun da na shigo.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kin kashe kanki a banza."

Na ce, "Rubuta, Baba."

Ya daɗe. Sannan ya rubuta, da manyan baƙaƙen nan nasa masu karkata: HOPETON REID. Ya tura mini takardar ya ce, "Ki kai da kanki, tunda ke ce mai gonar yanzu." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Na kai da kaina, na tsaya har aka buga mata hatimi.

Alhamis, 30 ga Nuwamba, sha biyu na rana

Motar filin jirgi ta zo da ƙarfe tara. Sauran sun fita da kayansu suna ta ihu da tsokanar juna. Shi yana zaune a bakin gado, akwati a buɗe, don yatsunsa ba su kama zip tukuna. An cire babban bandejin, fatar ta fito ja, tana sheƙi.

Na durƙusa na rufe masa akwatin. Ina durƙushe na faɗa masa. Na ce sunansa ya tafi, na ga hatimi da idona. Na ce na kai fitilar, an rubuta ni ce, ba buta ba. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Yau kwana nawa da gobarar?"

"Ashirin da huɗu."

"Ni ma haka na ƙirga."

"Me ya sa ba ka faɗa masa ba? Ya tambaye ka. Kalma ɗaya ce."

"In ce 'yar maigida ce, alhali sunana na bakin biron maigida?" Ya girgiza kai. "Kuma na ɗauka ba sai na faɗa ba. Na ce yarinyar nan ni na koya mata tuƙin tarakta. Ranar asibiti na ce yau za ta faɗa. Ranar da kika kawo kifi na ce to, yau kam."



"Wannan akwatin fitilun naki," ya ce, "in ɗaya ya gaza, wanda ya rage yake ɗora wa, ko?"

"E."

"Na gane shi tun ranar Juma'ar. Ba sai an je kwaleji ba."

Direban motar ya danna oda. Na ɗauki akwatin, bai hana ni ba. Ya tsaya ya ɓanɓaro hoton Kerry-Ann daga jikin firji da gefen hannu, ya sa a aljihu. Duk shekara a nan yake barin hoton.

A bakin mota na ce, "Za ka dawo dai?"

"Zan dawo. Saura mata shekara biyu."

Ya taka matakala ɗaya, ya juyo, ya ɗan sunkuyar da kai yadda yake yi wa mutanen banki in sun zo gona.

"Na gode da ɗaukar kaya. Sai Afrilu, Mis Furtado."

Juma'a, 1 ga Disamba, goma na safe

Ƙananan direbobin sun iso yau, ashirin da huɗu, kowane cikin kwalinsa. Mai kawo kaya ya miƙo mini takarda, ya ce wace ce injiniyar da za ta sa hannu. Na ce masa babu ita, amma ni zan karɓa.